Allon Tagullar Injin Tukur

Ilu ya riga ya ɗaga masaba sama, yana neman inda zai fara saukewa, sai ya ji muryar matarsa Yahanasu a bayansa.

"In ka fasa shi, ka haɗa da turmina. Ni dai na gama dakan gyaɗa a gidan nan."

Ya sauke masabar a hankali, bai juyo ba. Gari bai gama wayewa ba, gawayin jiya ma bai huce sosai ba. Abin da yake shirin fasawa yana tsaye a kusurwar maƙera: akwati ne na katakon maɗaci, da rariyar ƙarfe a ciki mai lanƙwasa kamar ɓarin ƙwarya, da dogon hannu da ake turawa gaba a jawo baya. Damina guda ya cinye yana yin sa, yana warwarewa, yana sakewa. Tun da kaka ta shigo, mutanen Kurfi har da na Wurma suke sauke jakuna a ƙofarsa. Gyaɗar da mace za ta yini tana ɓarewa a turmi, injin yakan gama da ita kafin tukunya ta tafasa, kuma ƙwayar ta fito ɗai-ɗai ba ta farfashe ba.

Jiya da la'asar ɗan aike ya zo daga Dutsin-Ma, daga wurin Malam Tukur, mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa. Shi ne mai injin ɓare gyaɗa na ƙasar Turai, wanda kafin na Ilu babu wani a duk yankin. Saƙon gajere ne. A jikin injin Tukur akwai allon tagulla mai rubutun Sarkin Ingila, wanda ya hana kowa yin irinsa. Ilu ya fasa nasa kafin Joji, Baturen shari'a, ya fito rangadi, in ba haka ba Tukur zai kai ƙara, kuma gidan yarin Katsina ba ya cika.

"Kin ji saƙon da kunnenki," in ji Ilu.

"Na ji. Kai ka karanta rubutun?"

"Na gan shi."

"Ni ma na ga wata jiya da magariba, ban san mi ke cikinshi ba. Shi Tukur ɗin ya karanta?"

Ilu ya jingina masabar da bango.

"To ga Mahmuda can a zauren Kawu, ba abin da yake sai korar ƙuda. Ka tafi da shi ya diba. In ya ce fasawa ce, ka dawo, ni zan miƙo maka masabar."

Ba ya son roƙon Mahmuda komai, kuma ta sani. Mahmuda ɗan kawunsa ne, Malam Sabitu mai makarantar allo. Tun yana yaro Turawa suka ɗauke shi zuwa makarantarsu ta Kano, daga can ya wuce Ikko, inda ya yi shekaru yana kwafar takardu a ofishin wani lauya. Bara ya dawo da takalmi sau-ciki da ƙarancin magana. Ba wanda ya san abin da ya dawo da shi, shi kuma bai faɗa ba. In ka yi masa tambaya, sai ya ba ka amsa daidai tsawon tambayar, ya bar ka tsaye. Abu guda ne bai bari a Ikko ba: wasan taubasai.

Ilu ya same shi a dakali yana shan kunu.

"Bawana, da sassafe haka? Kuɗin shara ka kawo?"

"Aiki na kawo maka, ko ka huta da zaman banza."

Mahmuda ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Ya kurɓe sauran kunun, ya kife ludayi a ƙwarya.

"Jaki za ka ba ni. Ba ni zuwa Dutsin-Ma a ƙasa don bawa."

Suka kama hanyar kudu da jakuna biyu. Ko'ina an tuge gyaɗa an tara ta tsibi-tsibi a gonaki, shanun Fulani sun fara shiga karan gero. Ilu ya bari sai da suka yi nisa da gari kafin ya yi tambayar da ta hana shi cin abinci.

"Akwai irin takardar da gaske?"

"Akwai. Fatant suke ce mata. Na sha kwafar irinta."

"Ashe gaskiyar Tukur ce."

"Cewa na yi akwai. Ban ce tashi tana aiki ba. Kai da ke gyara ma maharba bindiga, ka sani: wata da albarushi a ciki, wata fanko ce an rataye don ɓarawo ya gani. Daga bakin ƙofa duk ɗaya ne."

"Ta yaya ake ganewa?"

"A dibi shekarunta, a dibi ƙasar da aka rubuta ta. Kuma ba injin duka take hanawa ba. Ƙarfe na kowa ne, ƙusa ta kowa ce. Dabara guda ce a ciki, wadda mutumin ya fara kawowa, ita ake tsare mashi." Ya juyo ya dube shi. "Kai mi ka ɗauka?"

Ilu ya ba shi labari. Bara haƙori guda ya karye a cikin injin Tukur, ana tsakiyar kaka, ya aiko a guje. Shi da kansa ya kwance murfin ya ce wa Ilu ya leƙa. Ilu ya yi gyaran. Amma kafin a rufe, ya zura yatsa tsakanin haƙoran da rariyar.

"Ba su taɓa juna," ya ce. "Tazara ce a tsakani. Ta isa ta fasa ɓawo, ba ta isa ta murƙushe ƙwaya ba. Ita kaɗai na ɗauka. Nashi ƙarfen zubi ne, nawa katako. Nashi juyawa ake, nawa turawa. Sauran duk nawa ne."

"To ita ce dai."

"Ita ce mi?"

"Ita ce dabarar, in ban yi kuskure ba. Abin da ka bari shi ne na banza."

Ilu ya tsayar da jakinsa. "Ke nan na shiga?"

"Ban ga allon ba tukuna. Kori jakinka, rana na yi."

Ana gab da azahar dutsen Dutsin-Ma ya bayyana a gabansu.

Ranar kasuwa ce. Sun yi salla a masallacin bakin kasuwa, suka ɗaure jakuna a gindin tsamiya, suka bi ƙarar injin. Tun daga layin masu fura ake jin ta. A bayan kantin kamfani Tukur ya kafa rumfar zana, buhuna a jibge har sama, ƙarti biyu suna juya injin, mata suna sheƙe ɓawo a gefe, manoma kuma suna zaune a kan kayansu suna jiran layi. Tukur yana tsaye kusa da sikeli, dattijo mai furfura a gemu, da tsumma a hannu. Da ya hango su bai yi murmushi ba, amma ya amsa gaisuwa cikakkiya, har gida da gajiyar hanya.

"Maƙeri, guntayen ka kawo mani in gani?"

"Mai karatu na kawo, Malam Tukur. Ɗan Kawu Sabitu ne. Ina son ya ga rubutun."

Tukur ya dubi Mahmuda daga hula har takalmi. Sai ya yi dariya, irin ta mai hujja a hannu.

"Madalla. Ni ma na gaji da bayani." Ya ɗaga hannu, ƙartin suka tsaya, wurin ya yi tsit har ana jin kukan akuya daga kasuwa. "Ku matso, jama'a! Ga ɗan malamai, ga kuma karatun Nasara. Ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, kada gobe wani ya ce bai sani ba."

Mutane suka matso. Allon yana gefen injin, bai fi tafin hannu ba, an kafe shi da ƙusoshi huɗu. Duk jikin injin ƙura ce da baƙin mai, amma allon yana ɗaukar ido. Tukur ya sake goge shi da tsumman, ya ja baya.

Mahmuda ya tattara rigarsa ya tsuguna. Ya daɗe yana dubawa, leɓɓansa ba sa motsi. Ilu ya kasa kallonsa, ya koma kallon tururuwa da ke jan ɓawon gyaɗa kusa da ƙafarsa.

"Wa ya ce maka na Sarkin Ingila ne?" in ji Mahmuda, bai ɗago ba.

"Baturen kamfani, ta bakin tafinta."

"Babu sunan sarki a nan. Sunan mutum ne, Gilbat, da sunan garinsu, da lamba, da shekara. Kuma wanga ba shi ne takardar ba. Takardar tana can Ingila. Wanga shaida ce kawai cewa an taɓa yin ta."

"To ai an yi ta ke nan!"

"An yi ta. Shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da ɗaya, a lissafinsu." Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Lokacin Nasara ba su shigo Katsina ba."

Wani tsoho a cikin manoma ya ce, "Kai! Ai lokacin ɗana Audi bai fara tafiya ba. Yanzu matanshi biyu."

"Irin takardar nan," in ji Mahmuda, "shekara goma sha huɗu ake ba ta a wancan zamani. Mutum ya ci shi kaɗai har su cika. In sun cika, dabarar ta zama ta kowa. Ban san ko an taɓa rubuta ta a Ikko don ta yi aiki a ƙasar nan ba. Amma ko an rubuta, ta bi uwarta. Ta mutu da daɗewa, Malam Tukur."

"Ta mutu? Ga ta nan tana ƙyalli ka ce ta mutu?"

"Tagulla ce ke ƙyalli."

Wata daga cikin masu sheƙa ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ƙarya kake!" Muryar Tukur ta tashi. "Ɗan'uwanka ne, dole ka faɗi haka. Bature da kanshi ya ce mani daga nan har Katsina ba wanda zai yi irinshi!"

"Ya rubuta maka?"

Tukur ya murɗe tsumman da ke hannunsa.

"Ka nemi ya rubuta?"

"Na nema."

"Mi ya ce?"

Muryar Tukur ta sauka. "Dariya ya yi. Ya ƙwanƙwasa allon da yatsa. Ya ce ga rubutu nan."

"To ka kai ƙarar in kana so. Joji zai dibi shekarar, ya lissafa da yatsu, sannan ya tambayi wa ya ɓata mashi yini."

Dariyar ta fara daga baya, ta taho gaba. Wani ya ce ashe layar fanko ce ake ta gogewa kullum safiya. Wani ya ce a ciro ta a yi wa amarya awarwaro. Wasu suka fice da sauri don kai labari cikin kasuwa. Tukur ya nemi buhu ya zauna.

Ilu ya jira ya ji sanyi a ransa, sanyin bai zo ba. Yana kallon Tukur. Kowa a wurin ya san abin da aka sayar kafin injin nan ya zo: shanun gado ne, waɗanda wani Bafulatanin Karofi yake kiwata wa gidansu Tukur tun zamanin kakansa. Ba ƙarfe Tukur ya saya da su ba. Maganar nan ya saya, cewa ba wanda zai yi irinsa. Ga shi zaune, tsumman yana hannunsa har yanzu, bai san inda zai ajiye shi ba.

Mahmuda ya taɓa kafaɗar Ilu. "Mu tafi, bawana. Injinka ya tsira."

Ilu bai motsa ba. "Yaya ka ce sunan mutumin?"

"Gilbat."

"Maƙeri ne?"

"Irin nasu."

"Yana da rai?"

"Ban sani ba."

"Ya bar 'ya'ya?"

"Ilu, allo ne, ba wasiƙa ba."

"Ya ce ya yafe?"

Mahmuda ya ja numfashi. "Haka dokarsu take. Da ya karɓi takardar, ya yarda in shekarun sun cika ba ya da sauran magana. Ya sa hannu a kan haka."

"Wannan tsakaninshi da sarkinshi ne. Ni ba ni wurin."

A gidan maƙera akwai abin da ake yi. Ido yana iya ɗaukar aikin wani, ba laifi, ido ba ya tambaya. Amma hannu ba ya taɓa ƙarfe da wannan aikin sai an kai wa mai shi goro, ya ce ya bayar. Mahaifin Ilu ya taɓa ganin wani irin linzami a hannun wani tsohon maƙeri a Wurma, ya kwana yana juya shi a ka, ya tashi ya tafi da goro. Tsohon ya mayar masa da goronsa. Har mahaifin ya rasu bai ƙera linzamin nan ba, ga shi kuwa ya iya, Ilu ya sha ganinsa yana zana shi a toka da tsinke yana sharewa.

Duk daminar da Ilu ya yi yana sassaƙa da ƙira, maganar goro ba ta dame shi ba. Tukur ba maƙeri ba ne, kayan Turawa kuma a ganinsa ba su da mai su, zuwa kawai suke a jirgi kamar gishiri. Ko da aka ce Sarkin Ingila, tsoro ya ji, ba kunya ba, don sarki ba ya zuga wuta. Yanzu kuwa an ambaci suna. Wani mutum ne ya zauna a maƙerarsa, ya murƙushe gyaɗa ko wani abu mai kama da ita sau ba adadi, kafin ya gano tazarar nan.

"Jira ni," ya ce.

Ya kutsa cikin kasuwa. Mutanen da bai sani ba suna ta yi masa barka. A layin masu goro ya zaɓi farare manya, ya sa aka yayyafa musu ruwa aka naɗe a ganye. Da ya dawo, taron ya ragu amma bai watse ba, injin kuma ba a tayar da shi ba. Tukur yana nan a kan buhun.

Ilu ya tuɓe takalmansa. Ya tsuguna a gabansa, ya buɗe ganyen, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Malam Tukur, mai dabarar ya yi mani nisa, ban san hanyar garinsu ba. A gidanka na gan ta. Kai ka buɗe mani cikin injin da hannunka, don gyara ka kira ni, ba don in auna ba. Ya kamata in zo tun kafin in sari katako, ban zo ba. Ga goro. In ka ba ni, na gode. In ka hana, gobe war haka na fasa shi, kuma ba don Joji ba."

"Kai, bawana!" in ji Mahmuda. "Ka haukace? Na kwance ka, kana maida igiyar da hannunka?"

"Ka yi naka, na gode. Wanga ba karatu ba ne."

Tukur ya dubi goron, ya dubi Ilu, ya dubi fuskokin da ke kewaye. Yana neman inda dariyar take ɓoye. Bai samu ba. Tsohon nan uban Audi ya riga ya gyara zama, ya cire hula ya mayar, kamar wanda aka kira ɗaurin aure.

"Ba'a ka zo yi mani, Maƙeri?"

"Da ba'a ce, da ban tuɓe takalmi ba."

"In na ce a'a fa?"

"Na faɗa."

"Ba mai ganinka a Kurfi. Ni ba ni da dogari."

"Masabar tana nan inda na ajiye ta da safe."

Tukur ya san maƙera. Ya san in ya tura ganyen nan da ƙafa, gobe jakunan Kurfi da na Wurma za su dawo ƙofarsa, kamar bara. Ilu ma ya san ya sani. Yana tsugune yana tuna yadda ya gasa rariyar nan ya huda ta rami-rami har idonsa ya yi ja, da ranar da ƙwaya ta fara faɗowa lafiya, ya tsince ta ya riƙe a tafin hannu shi kaɗai a maƙera. Ƙafarsa ta fara sanyi. Bai gyara tsugunon ba.

Tukur ya ninke tsumman, ya ɗora a gwiwa. Ya miƙa hannu ya ɗauki goro guda, ya juya shi, ya sa farce ya ɓare shi biyu.

"Kurfi da Wurma," ya ce, "da abin da ke arewa da su. Ka yi aikinka, Allah ya sa albarka." Muryarsa ta fara dawowa, ta ɗan kasuwa. "Amma Dutsin-Ma tawa ce. Dabawa tawa ce, Karofi tawa ce. Ba ka kawo naka nan, ba ka ƙera ma wani na nan."

"Na ji."

"Ji kawai?"

"Na ji, na ɗauka."

"Kuma in haƙorin can ya sake karyewa..."

"Ka aiko."

"Wannan karon zan tsaya a kanka, in ga inda kake sa yatsa."

Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Tukur ya miƙa wa Ilu ɓari guda, ya jefa ɗayan a baki. Tsohon ya ce a yi fatiha. Aka shafa, aka raba sauran goron ga waɗanda ke kusa, kowa ya karɓa ya san shaida ya karɓa. Da aka zo kan Mahmuda, ya riƙe nasa bai ci ba.

"Har yaushe?" ya ce.

Su biyun suka juyo.

"Ku yanka lokaci. Shekara nawa?"

"Lokacin mi?" in ji Tukur.

"Ta Turawan ma tana ƙarewa. Ilu, ka ji abin da kake ɗauka kuwa? Rabin ƙasar nan ka bayar, a kan abin da ba ya hannunshi."

"Goro aka ci, Mahmuda," in ji Ilu, yana sa takalmi. "Ci naka."

Mahmuda ya dubi ɓarin goron kamar zai karanta wani abu a jikinsa. Sannan ya gatsa.

Tukur ya miƙe ya daka wa ƙartin tsawa, ya ce hutu aka ɗauke su yi ko aiki. Ilu da Mahmuda suka koma gindin tsamiya. Ilu yana ɗaure akumari, sai ga wani mutum ya taho da sassarfa daga cikin kasuwa, babbar riga a saɓe a kafaɗa, yana haki.

"Kai ne maƙerin Kurfi? Alhamdu lillahi, na ɗauka kun tafi. Sunana Ɗanmusa. Yanzu nake jin labari a wurin masu shanu, an ce rubutun ya mutu, kowa na iya yi. Gyaɗata tana can jibge, ta fi ƙarfin matan gida. Ka ƙera mani irin naka, in ba ka bijimi. Ba maraƙi ba, bijimi, ka zo ka zaɓa da kanka."

Ilu ya ja igiyar, ya ƙulle.

"Daga wane gari?"

"Dabawa. Nan kusa."

Mahmuda ya riga ya hau jakinsa. Yana tauna goro, yana kallon dutse.

"Ka kai gyaɗarka wurin Malam Tukur," in ji Ilu. "Injinshi yana da kyau."

"Haba, Maƙeri! Layin can ka gani? Ai an ce ta mutu!"

Ilu ya dafa bayan jakin ya hau, ya juya kansa arewa.

"Waccan ta mutu," ya ce. "Ta goro tana nan."